Oba-oba Biyu Daga Garke Biyu

Bature Dillali ne ya fara kawo maganar oba-oba a Tungar Marke, kuma da wani ne ya kawo ta da an saurara da kunne biyu. To amma Bature ne. Shi ya taɓa sayo wa garin injin niƙa wanda ya fi cin bel a kan dawa. Shi kuma ya nuna wurin da aka haƙa rijiyar nan ta bayan masallaci, wadda yau ake zuba shara a cikinta.

Sai dai a wannan karon maganar tasa tana da tushe. Tungar Marke tana bayan gulbi ne, a ƙasar Bukkuyum. Da rani ko akuya ta taka ta haye, amma in damina ta zauna sai gulbin ya cika ya batse, hanyar mota da asibiti da kasuwa duk su koma wancan ƙetare. Rabe mai kwalekwale ma can gidansa yake. In ana nemansa sai a je bakin ruwa a ɗaura farin zane a gora, a yi ta kaɗawa har Allah ya sa ya waiwayo. Daminar da ta wuce maciji ya sari ƙanen Maigari Namadi a gona, aka kaɗa zane tun hantsi har azahar, ashe Rabe yana bayan gida yana gyaran danga. Mutumin dai ya tashi, amma garin ya tsorata. Salula kuwa a lokacin labarinta kawai ake ji daga Gusau.

Ranar da aka taru a ƙofar Maigari don neman mafita, Bature ya miƙe tun ba a ba shi izini ba. Ya tuna wa jama'a cewa bayan ya bar dillancin shanu ya yi gadi shekara biyu a wani kamfanin hanya, kuma a can ya ƙware a harkar oba-oba. Gaskiyar ƙwarewar ita ce wani injiniya ya taɓa ba shi riƙon oba-obarsa zai wanke hannu. Ya bayyana musu cewa ɗan akwatin magana ne da ake riƙewa a hannu, ka danna ka faɗi abin da ke tafe da kai, ka ce oba, na can ya ji ka tamkar kuna tabarma ɗaya. A ajiye ɗaya wurin Rabe, ɗaya a gari, an gama da zane da gora. Abin da kawai ake bukata, in ji shi, shi ne mai idon zaɓe, don kayan gaggawa ba a sayen rago. Sai wadda za ta jure ruwa da faɗuwa da hannun ƙauye.

Ba wanda ya taɓa riƙe abin a duk taron sai shi, don haka dole aka koma kansa. Aka yarda a sayar da waken gonar gayya a ba shi ya tafi. Maigari ya dube shi ya ce:

"Bature, wagga ita at ta ƙarshe. In ta yi magana ranar gwaji, kai as Sarkin Gaggawa, a wuyanka za a rataya ta. In ko ta bi hanyar injin da rijiya, ba a ƙara aikenka da sunan garin ga."

Bature ya yi dariya ya ce a fara neman tsumman rataya. Amma maganar ta soke shi, don ya haura hamsin, kuma babu abin da yake so a duniya kamar a ambaci sunansa sau ɗaya tare da abin da ya yi aiki.

Da ya shiga gida ya ba matarsa Saude labari, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba.

"Malam, kai da ko rediyon ɗakin ga sai ka buge ta taka magana."

"To ai shi yas sa nika neman wadda ka jure bugu."

Ranar kasuwar Gummi ya sauka a shagon wani Murtala mai gyaran rediyo, kusa da tasha, wanda ake cewa yana samun irin waɗannan kaya na gwanjo. Murtala ya fito masa da wasu ƙanana guda biyu baƙaƙe. Ya ba maƙwabcinsa ɗaya ya zagaya can bayan tasha, sai ga muryar mutumin tana fitowa tar, har ana jin kwandasta yana kiran Daki Takwas a bayansa. Mai hankali da nan ya tsaya. Bature ya ɗora ɗayar a tafin hannu ya jinjina, ya taɓe baki ya ce wannan maraƙa ce ba a yaye ta ba, shi bijimi ya zo nema.

Murtala ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wasu biyu korra, masu jikin roba, kowace ta kai nauyin dutsen niƙa ƙarami. Idon Bature ya buɗe. Ya ɗauki ɗaya ya buɗe murfin batir ya leƙa kamar mai duba haƙoran saniya. Ya ja eriya, ya matsa gefe da gefe, ya kara a kunne ya girgiza. Daga nan, ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya sake ta a ƙasa.

Murtala ya dafe ƙirji. Oba-oba ta yi tsalle ta kwanta, aka kunna, ta ce shuuu. Bature ya hau benci ya sake ta daga sama. Ta ce shuuu. Ya tsallaka rumfar mai shayi ya tsoma ta a bokitin wanke kofuna, ya ƙirga har ashirin ya ciro. Kafin nan mutane sun fara taruwa, kuma Bature in ya ga taro kansa ba ya zama daidai. Ya ce a matsa a ba shi fili, ya wulwula hannu ya maka ta a jikin katanga. Ta dawo da ƙarfinta ta sauka tsakiyar kiret ɗin ƙwan mai shayi. Aka tsamo ta tana ɗigar gwaiduwa, aka kunna, ta ce shuuu, 'yan kallo suka yi tafi. Mai shayi bai yi tafi ba. Sai da dattawa suka shiga tsakani ya ce ya bar Bature da Allah, bayan ya cire masa hula ya sa a aljihu.

Aka yi ciniki, Murtala ya fara naɗe korran guda biyu a leda. Bature ya riƙe masa hannu ya ce ɗaya zai ɗauka. Murtala ya yi masa bayani a tsanake cewa waɗannan tare aka saita su, tagwaye ne, lambar da wannan take magana a kai ita waccan take ji, in aka raba su sai an yi dace. Bature ya waiwaya ya kashe wa jama'a ido.

"Yaro, ni za ka yi wa haɗi? Shekara ashirin niy yi cikin kara. Duk wanda yac ce sai dai a sai shanu nai biyu tare, to ɗaya na da tari."

"Baba, wagga ba saniya ta ba."

"Dabarar dai guda ta."

Murtala ya ce to a gwada ɗayar ma, a jefa ta duk inda ake so, ban da wajen mai shayi. Bature ya ce irin wannan ciwon a ciki yake, ba ya nunawa sai an tashi kasuwa. Ya ƙara da cewa ko da lafiyarta ƙalau, mai hankali ba ya haɗa shanun huɗa biyu daga garke ɗaya, don abin da ya kama wannan shi zai kama wancan. Wasu makiyaya biyu da ke cikin 'yan kallo suka gyaɗa kai, suka ce wannan magana haka take, Bature kuwa ya ƙara faɗi. Murtala ya gaji. Ya rubuta wasu lambobi a takarda ya ce duk inda za a sayi ta biyun a nuna wa mai kayan wannan. Bature ya karɓa da godiya, kuma a cikin takardar ya ci tsirensa kafin mota ta cika.

Garke na biyu a Anka ya same shi, wurin wani Jamilu mai kayan gwanjon Kwatano. Wannan ruwan ɗorawa ce, doguwa, Jamilu ya ce ta masu jirgin ruwan teku ce, ko an jefa ta a ruwa ba ta nutsewa. Da ya ji akwai wata a gida sai ya tambayi irinta da lambarta. Bature ya ce ya bar masa wannan, ai iya nisan garken iya lafiyar haɗin. Shi abin da ya dame shi ƙarfi ne, kuma tun a mota ya tsara gwajin da ba a taɓa yi ba.

Ya kira ɗan kabu-kabu, ya ɗaure oba-oba da igiya doguwa a bayan babur, shi kuma ya hau yana fuskantar baya don ya ga yadda take jure jan ƙasa. Zagaye na farko lafiya. A na biyu ya ce a ƙara wuta. Igiya ta yi lilo a kwana ta naɗe dirkar rumfar wata mai ƙorai, babur ya ci gaba, rumfa ta biyo shi, ƙorai suka watsu suna gangarawa ko'ina cikin tasha. Ɗan kabu-kabu ya taka birki, Bature bai taka ba. A kan tulin albasa ya sauka, ƙafafu a sama. Yana tashi bai duba jikinsa ba, ya bi igiya da rarrafe ya ciro abarsa daga ƙarƙashin zana, ya kunna. Ta ce shuuu. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa mai ƙorai, ita kuwa ta nuna masa muciya. Da takalmi ƙafa ɗaya ya shiga motar Bukkuyum.

Saude ta dube shi daga sama har ƙasa ta tambayi inda hula da ɗayan takalmin suke. Ya ce suna cikin tarihi. Ya jera oba-oban a kan tabarma, koriyar da yake kira kora da kuma ruwan ɗorawa, ya ce ta duba da kyau, ko Bukkuyum babu mai irinsu.

Kwana uku gidan bai huta ba. Ya sa kora a turmi ya kirɓa mata taɓarya, turmin ya tsage. Ya jefa ruwan ɗorawa a randa don Saude ta ga tana yawo a sama, ta yi yawon kuwa. Sai ya ce bari a ga ko kora ma za ta yi, ita kuma ta wuce kai tsaye ta fasa gindin randar. Ya hau kan rumbu ya cire jinka don ya samu wurin tsayawa, ya wurgo su ɗaya bayan ɗaya, ta biyun ta haye katanga ta sami zakaran Husaina maƙwabciyarsu. Yana leƙen inda ta faɗa ƙafarsa ta zame ya zurma cikin rumbun, sai da maƙwabta suka zura masa igiya. Husaina ta shigo da zakaran a hannu ta ce tunda an riga an yanka kafin ya mutu, gidan Bature za su ci, amma wani za su ba ta mai rai.

Saude ta haƙura da turmi da randa, ta ce ƙarfi dai an gani, saura magana. Bature ya ba ta kora ya ce ta shiga madafa, shi ya fita zaure da ɗayar. A nan ne ya kamata a san wani abu game da Bature: Allah ya ba shi murya. Mutumin da ya shekara ashirin yana ciniki cikin kukan shanu ba ya iya raɗa. Ya danna, ya cika ƙirji, ya ce Saude, Saude, kina ji na, oba. Kaji suka watse a tsakar gida.

"Ina jin ka, Malam," in ji ta. "Amma ta katanga nika jin ka. Wagga ban da shuuu ba ta cewa komi."

Ya ce ai shuuu ɗin share hanya ne, maganar a bayansa take tafiya, kuma wannan ilimi ne da ba a koya a madafa.

Washegari ya nemo Badaru, wani makiyayi abokinsa da rugarsu ke gefen gari, mutum mai sanyin magana wanda ba a gane lokacin da yake wasa. Ya tura shi can gindin marken bakin gari da kora, shi ya tsaya ƙofar masallaci. Kafin su rabu ya koya masa cewa dole a ɗaga murya sosai a ciki, don iska tana cin rabin magana a hanya. Haka suka tsaya, wannan yana kwarara oba, wancan yana mayarwa da muryar kiran shanu. Duk garin ya ji su. Liman ya fito da carbi a hannu yana tambayar su wa ke faɗa. Bature ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko sun ji, kowa ya ce ya ji, don ba wanda zai yi ƙarya. Badaru da ya dawo ya ce abin mamaki, a kunnen dama ya kara ta amma da na hagu ya ji. Bature ya ce wannan shi ne ƙarfinta, shiga take ta zagaye kai.

Ya sa tela ya ɗinka masa riga kaki mai aljihu biyu manya, da wando irinta. Ya fara amsa Sarkin Gaggawa tun ba a naɗa ba.

Ranar gwaji ta faɗo tsakiyar damina, gulbi ya kawo jajawur yana ruri. Tun hantsi garin ya fito bakin ruwa, maza gefe, mata can ƙasa kaɗan gindin bishiyoyi. Aka shimfiɗa wa Maigari tabarma. Rabe ya zo da kwalekwalensa. Bature ya miƙa wa Maigari kora da hannu biyu, ya ce shi zai haye da ruwan ɗorawa, Rabe ya sauke shi ya dawo nan ya zauna, sai shi Bature ya kira shi ta oba-oba ya je ya ɗauko shi a gaban kowa.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma ya ga taro. Ya ce babban abin da ke damun Tungar Marke shi ne sabo da kaɗa zane, kuma yau zai kashe wannan sabon. Ya sa Rabe ya yi alkawari a gaban Maigari da Liman cewa ba zai tsoma filafili a ruwa ba sai ya ji muryarsa daga cikin kora.

"Ko kun gan ni ina ɗaga hannu, ko tsalle, ko kaɗa riga, kak ku motsa. Gwada ku nika yi."

Maigari ya ce an ji, kowa shaida ne.

Rabe ya sauke shi a wancan ƙetare ya juya. Bature ya gyara kaki, ya jira har ya ga kwalekwale ya isa, ya danna ya saki murya. Ya saurara. Shuuu. Ya ƙara. Daga inda yake mutanen kamar tururuwa suke, amma yana iya hango Maigari ya kara abu a kunne, ya cire ya duba, ya miƙa wa Liman, Liman ya miƙa wa na kusa da shi. Rurin gulbi ya haɗiye muryar da ta saba cika gari. Ya ce wataƙila wurin ne ya yi kwari, ya hau wani suri ya ɗaga eriya sama. Ya juya gabas, ya juya yamma. Ya kife ta ya yi magana ta gindi. Ya buge ta a jikin bishiyar kirya sau uku, tunda dai ba ta fashewa. Ya yi ta kwarara Rabe oba, Maigari oba, har maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi.

Ashe ƙaiƙayin ba a maƙogwaro kaɗai yake ba. Ruwa ya koro kwarkwasa daga raminta, rundunar ta hau surin nan neman tudu, ta tarar da sabon wando. Bature ya yi tsalle ya diro, ya shiga bugun cinya da duwawu yana juyi. Daga baya aka ba shi labari cewa a daidai nan Rabe ya harɗe hannu ya ce ga gwajin an fara, jama'a su yi hattara. Ya tuɓe rigar kaki ya kaɗa ta sama da dukan ƙarfinsa. Ya hango ana tafa masa. Kwarkwasa ta kai inda ba a faɗa, dole ya tuɓe wandon ma ya yi ta fyaɗa shi a ƙasa, daga shi sai ɗan gajeren ciki. Wajen mata aka juya baya, kafaɗu suna rawa. Sai kuma hadari ya haɗo, ruwa ya sauko.

Saude ce kaɗai ba ta yi dariya ba, don ta san rawar mijinta ta san kuma wuyarsa. Ta aika a ce wa Rabe ya je ya ɗauko shi. Rabe ya ce ya yi alkawari gaban Liman, sai dai Maigari ya warware. Maigari ya ce zai warware, amma mutum mai ƙarfin hali irin wannan bai kamata a katse masa gwaji da wuri ba, a ɗan ƙara masa.

Bature ya tsuguna cikin ruwan sama ya dubi abar da ke hannunsa. Ko ƙwarzane ɗaya ba ta ƙara ba. Ya danna zai yi magana, sai ya ji muryar ta tafi, iska kawai ke fita. A nan takardar Murtala ta faɗo masa a rai, da man tsiren da ya jiƙa lambobin. Ya gane raba tagwayen nan ne ya jawo masa, tun kafin kowa ya gaya masa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Yana nan tsugune sai ya ji kukan shanu a bayansa. Badaru ne ya koro garkensa daga kiwo, zai haye da su kafin ruwan ya ƙaru. Ya tsaya ya dubi Bature, ya dubi wandon da ke ƙasa, ya yi masa sannu da aiki. Bature ya nuna maƙogwaro ya nuna ƙetare. Badaru ya ce in yana so ga farar saniyar can, ba ta shura, ya kama wutsiyarta da hannu biyu kada ya saki ko me ya gani.

Ya ɗaure oba-oba a ka da rigar kaki, ya rataya wando a wuya, ya kama wutsiya. Ba su kai tsakiya ba gulbi ya karɓe wandon. Ya sha ruwa, ya kuma shan wani, saniyar ma ta ƙara masa da nata a fuska. Igiyar ruwa ta karkatar da garken ƙasa, don haka ba gaban Maigari suka fita ba, tsakiyar mata suka fita. Bature ya fito da rarrafe, eriya a tsaye bisa kansa. Saude ta ware mayafinta ta jefa masa, ya ɗaura a ƙugu.

Ruwan ya ɗan tsagaita. Maigari ya sa aka kwance ruwan ɗorawa daga kan Bature, ya ajiye ta a tabarma kusa da kora, kai da kai har suna taɓa juna. Ya ce to yanzu babu gulbi babu nisa, a yi magana. Bature ya durƙusa ya danna ya ce oba da ɗan abin da ya rage masa na murya. Wuri ya yi tsit, kowa ya miƙa kunne ga kora. Ta ce shuuu.

"Ranka shi daɗe," in ji Bature cikin raɗa, "amma dai ko guda ba ta hwashe ba."

"Ba ta hwashe ba. Ba ta kuma ce komi ba."

Da aka matsa masa ya ba da labarin Gummi da Anka, har da batun garke. Maigari ya saurara har ƙarshe, ya ce a sayar da ragowar wake, Rabe ya tafi Gummi ya karɓo ƙananan nan biyu da aka raina, ɗaya ta zauna wurinsa, ɗaya wurin Liman. Waɗannan manyan kuwa garin ya bar wa Bature su. Batun sarauta da aike bai sake tayar da shi ba, kuma kowa ya san abin da shirun ke nufi.

Badaru yana tsaye gefe, sanda a kafaɗa, ruwa na ɗiga daga malfarsa. Ya ce shi dai a ganinsa an yi gaggawar yanke hukunci, don shanun garke biyu ma ba sa shiri ranar farko, sai an ɗaure su turke ɗaya kamar sati sun saba da warin juna. Aka kwashe da dariya har Liman yana share ido. Bature kaɗai bai yi ba. Ya ɗago ya dubi Badaru, ya tattara oba-obansa ya rungume, ya nufi gida yana riƙe da mayafi da hannu ɗaya.

A inuwar rumbu ya kafa turke ya ɗaure su da igiya ɗaya, suna fuskantar juna. Kullum da safe sai ya fito ya tsuguna, ya danna wannan ya kara waccan a kunne.

Ranar da sati ya cika, yana tsugune wurin sai ya jiyo wata 'yar murya siririya daga ƙofar masallaci. Rabe ne daga ƙetare, ta cikin ƙaramar da ke wuyan Liman, yana cewa ga malamin asibiti ya zo rigakafi, ko a hayo da shi. Mutane suna ta murna a waje. Bature ya yi kamar bai ji ba, ya sa gefen riga yana goge ƙurar da babu ita a jikin kora.

Saude ta fito da ƙwaryar fura ta tsaya a kansa. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za ta ce, don ya san ya cancanta. Ta dubi ƙeyarsa, ta ajiye masa furar.

"Malam, ka ƙara musu sati. Ta Ankar ga baƙuwa ta, kunya taka ji."

Bature ya ɗago, ya gyara zaman igiyar.

"Ni ma haka nig gani," in ji shi.